Gayya a Gonar Dada Dijatu

Litinin, 7 ga Satumba, 2015

Ruwa tun asuba. Rufin ofishina yana yoyo daidai kan kujerar baƙi, kamar an auna. Ni ce wai Welfiya, mai nemo wa masu ciwon daji hanyar biyan magani, amma bokitin tarar ruwa ma sai da na aro a ɗakin haihuwa.

Sista Susanna, babbar nas ɗin sashenmu, ta kawo min wata tsohuwa daga ƙauyen Digil, nan kusa da Mubi, Dada Dijatu. An cire mata nonon hagu a Yola, wajen ɗinkin yana warkewa da kyau. Likita ya ce saura a gasa wurin da na'ura a Gombe, an ba ta farkon Nuwamba. Wanda ya rasa layinsa sai bayan watanni, ciwon nan kuwa ba ya jiran kowa. 'Yar ƙaramar mace, baki kamar reza. Ta kalli bokitin, ta kalle ni, ta tambayi Sista ko wannan ce za ta taimake ta. Na yi dariya har da tari. Ina son tsohuwar nan.

Laraba, 9 ga Satumba

Ta dawo wankin ciwo. Na zaunar da ita na yi mata bayanin ɗan asusunmu, abin da ake tarawa a coci-coci da masallatai da wajen 'yan kasuwa. Ba yawa gare shi ba, amma zai rage mata hanya. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce:

"Bingel am, ni ba ya cin sadaka. Gyaɗa na yana gona."

Bingel am, wato 'yata. Da zaƙin baki ta kora ni. Saniyarta ta sayar aka yi tiyata, yanzu gyaɗar ce za ta kai ta Gombe. Na kalli hannunta na hagu, ya kumbura kamar taɓarya, ko buta ba ta iya ɗagawa da shi. Na tambayi wa zai cire gyaɗar. Ta ce Allah yana nan. Na ce na sani, amma ban taɓa ganinsa da fartanya ba. Ta ce Kiristoci ba su da kunya, ta tafi tana murmushi.

Talata, 15 ga Satumba

Na je Digil a keke-napep, an sauke mu a shingen sojoji mun taka kamar kullum. Ƙanin mijinta, Hamman, ya kai ni gonar. Shi ma tsoho ne, ga tasa gonar, ga ciwon gwiwa. A hanya ya faɗa min mijin Dada ya rasu ne bara, lokacin da 'yan bindiga suka shigo aka gudu Kamaru a ƙafa. 'Ya'yanta mata suna aure nesa.

Gonar kuwa, tubarkalla. Kore shar, ba ciyawa ko ɗaya. Ta shuka ta ne kafin a kwantar da ita. Damina ta farko bayan dawowa, kowa ya noma kamar zai rama wa ƙasa.

Hamman ya ce wani dillali, Sajo, yana ta zarya, yana so ya saye gyaɗar tana cikin ƙasa. Abin da ya taya ko kuɗin na'urar bai kai ba. Na ce ya ce masa ya sha ruwa.

Juma'a, 18 ga Satumba

Malam Jatau mai ciwon wuya ya sami takardar rangwame. Yau ɗaya dai na ci albashina da halal.

Alhamis, 24 ga Satumba

Babbar Sallah. Nama daga maƙwabta har Ishiyaku yana cewa gara mu musulunta na kwana uku. Miji ke nan, cikinsa ne limaminsa.

Ina soya nama ina tunanin gonar can.

Lahadi, 27 ga Satumba

Dabara ta faɗo min ana tsakiyar wa'azi, Allah ya yafe min. Gayya! Idan ba ta karɓar kuɗi, ai ba ta ƙi hannu ba. Bayan sujada na tare Mama Christy, shugabar zumuntar mata. Ta ce ko yau. Sista Susanna za ta zo da masu sharar sashenmu, Tizhe direba ya ce zai kwashe mu a motar ƙanensa.

Na ja musu kunne: kowa ta zo da abincinta, kada mu ɗora wa mara lafiya nauyi. Kuma ba za a faɗa mata ba, sai dai ta farka ta ga aiki ya yi nisa. Ishiyaku ya ce in tambaye ta tukuna. Na ce malamin firamare bai san aikin welfiya ba.

Asabar, 3 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun isa da sassafe, mota cike da mata da kuloli. Aka jera kulolin a gindin tsamiya, kowa ta kama kunyarta ta gyaɗa, Mama Christy ta ɗauki waƙa. Aiki yana tafiya kamar a mafarki. Mutanen ƙauye suka fara tsayawa a bakin hanya suna kallo, ni kuwa ina ta ɗaga musu hannu kamar mai neman kansila.

Sai ga Dada da sanda, mayafi a karkace. Ba ta kalli gyaɗar da aka cire ba. Kulolin ta tsaya tana kallo. Waƙa ta mutu da kanta.

"Wa ya kira ku?" ta ce. "Wa ya dafa muku?"

Na matso ina murmushi, na fara cewa ai kowa ta zo da nata don kada a wahalar da ita. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Ku ɗauki kwanon ku, ku fita mini a gona."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Muka kwashe kuloli muka shige mota kamar waɗanda aka kama a gonar rake. Mama Christy ta juya min baya har Mubi. Tizhe ne kawai ya buɗe kularsa a hanya, wai shi ba a kori cikinsa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya zo da alheri a kore shi kamar akuya.

Lahadi, 4 ga Oktoba

Ishiyaku bai ce "na faɗa miki" ba. Yana dai ta fito a tsakar gida, wanda ya fi muni.

Talata, 6 ga Oktoba

Ba ta zo ganin likita jiya ba. Hamman ya kira ya ce Sajo ya dawo, kuma wannan karon ta ba shi tabarma. Na ajiye fushina na hau keke.

Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince wake da hannu ɗaya. Mun gaisa kamar ba abin da ya faru: gajiya, gida, ruwa, yara. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙarƙaf ta ce in zauna.

"Wanda ya yi miki aiki ya ci tuwon ki, ɗan'uwa ne. Wanda ya yi aiki ya ci nashi, sadaka ya ba ki. Ke kin kawo baƙi da kwanon su, gaban duk Digil. Yanzu za a ce Dijatu ba shi da mutane, ba shi da tukunya."

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni da aka haifa a ƙauye, na ga uwata tana kwana biyu tana shirin abincin gayya. Zaman ofis ya cinye min kai. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na ce to me ya hana ta kira gayyar da kanta, ko surga kamar yadda suke cewa da Fulatanci. Ta ce tun tana amarya ba gonar da ba ta sunkuya a ciki ba a Digil, idan ta aika goro yau, gobe gona ta cika. Sai ta miƙe ta ja ni bayan ɗaki, ta ce in leƙa rumbu. Na leƙa. Gizo-gizo kawai. 'Yan bindigar nan sun kwashe komai bara, abin da ya saura kuma asibiti ya ci. Ba za ta kira mutane ta zuba musu ido ba.

Na ce zan kawo shinkafa. Ta ce na sake. Na ce aro. Ta ce mai zuwa Gombe ba ya cin bashi, bai san dawowarsa ba.

Can na ce, ni dai gidana muna shan kunun gyaɗa kullum, kuma a kasuwa nake saye. Ta ɗago ta kalle ni ta gefen ido. Ta ce ciniki ba sadaka ba ne. Amma ba ta da mai cirewa, don haka mai saye shi zai cire abinsa.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Na ɗauki hutun yini. Na kai shinkafa a buhu, ita ce kuɗin gyaɗar, aka zauna ciniki, Hamman ne shaida. Tsohuwar nan da a kasuwar Mubi take da ta sayi rabin gari. Ta raina shinkafata, wai duk tsakuwa. Ta ce gyaɗarta ba irin ta kasuwa ba ce. Ta sa na ƙara sukari, na ƙara tsamiya, har da goron gayya. Da na ce ta yi min rangwame sai ta ce ai ni ce Welfiya, ba ita ba. Ta cuce ni ƙiri-ƙiri, kuma ban taɓa jin daɗin cuta irin wannan ba.

Daga nan gona. Ta nuna min kunyoyina da sanda, ta zauna a inuwa tana gyara min tsayuwa. Wai ina sunkuyo kamar mai neman allura. Rabona da fartanya tun ina sakandare. Abin da matan zumunta suka cire ran Asabar ta ce a haɗa a shanya, daga ciki za a yi kunun.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Bayana. Wayyo bayana. Sista Susanna ta ce in cike takardar neman taimako in miƙa wa kaina.

Laraba, 14 ga Oktoba

Goro ya zaga Digil, an sa Asabar. Ta ba ni ƙwaya biyar a ganye in kai wa Mama Christy, da saƙo: wai a faɗa wa matan coci kununta ya fi waƙarsu daɗi, wadda ba ta yarda ba ta zo ta ɗanɗana. Na isar da saƙon yadda yake, ina jiran tsawa. Mama Christy ta juya goron a hannu, ta ce tsohuwar nan ba ta da mutunci. Sai ta tambaya ƙarfe nawa.

Hadari ya haɗu da yamma bai zubo ba. Hamman ya ce idan aka ƙara ruwa mai yawa gyaɗar za ta fara tsiro a ƙasa. Ubangiji, ka riƙe shi zuwa Asabar, daga nan ka yi yadda ka so.

Asabar, 17 ga Oktoba

Yau kam.

Mun iso mun tarar gona ta riga ta cika. Maza da garma, mata da kwanduna, tsofaffin da ba sa iya sunkuyo suna zaune suna tsinke gyaɗa daga jikin harawa. Ashe da gaske take, goro kawai ake jira. Matan zumunta suka sauko daga mota hannu rabbana, ko cokali ba wadda ta ɗauko. Na duba da kaina kafin mu taso.

Dada tana gindin tsamiya, manyan tukwane biyu a kan murhu, ta ɗaura sabon zane. Maƙwabta sun daka mata, sun tace mata, amma muciya ba ta bar wa kowa ba. Da hannun dama take juyawa, na hagu yana kan cinya kamar baƙo. Sista Susanna ta je ta ce ta huta, aka ce mata nan ba asibiti ba ne.

Aka raba gona biyu, Digil gabas, Mubi yamma, wai a ga wa zai riga kai iyaka. Mama Christy ta ɗauki waƙa, matan Digil suka mayar da tasu da Fulatanci, Tizhe yana tsakiya yana rawa da garma ba ya aikin komai. Sun cinye mu, ba ma kusa ba. Wani dattijo ya ce mutanen birni hannunsu na biro ne. Ishiyaku ya ce a kawo alli a gani.

Da rana ta take aka yi kira. Dada da kanta take zuba wa kowa, tana kiran sunan uban mutum da na kakansa. Da ta zo kan Mama Christy ta cika mata ƙwarya har baki, ta tsaya a kanta. Mama Christy ta kurɓa, duk an zuba mata ido. Sannan ta ce to, waƙar dai a bar musu, kunu kuwa an ba Digil. Dariyar da Dada ta yi har sai da ta dafe wajen ɗinkin.

Masu salla suka yi salla a gefen gona, mu muka tsare musu tukunya daga Tizhe. Kafin la'asar an gama, an tara, an rufe da tamfol. Sajo dillali ya wuce a hanya, Dada ta aika a kira shi ya sha kunu. Ya sha kuwa, har ƙwarya biyu.

Na dawo da ƙasa har cikin kunne. Rabon da in yi farin ciki haka tun kafin gudu.

Laraba, 21 ga Oktoba

Yayyafi ne kawai, ya wuce. Gyaɗa tana shan rana a tsakar gidan Hamman.

Laraba, 28 ga Oktoba

An ɓare, an kai kasuwa. Kaka ce, kowa ya kawo tasa, farashi ya faɗi warwas. Harawar ce ta ɗan cece mu, masu shanu a tike, kasuwar dabbobi, suka yi rububinta. Na zauna na yi lissafi sau uku ko zai canza ra'ayi. Kuɗin na'ura ya fito, na mota ya fito. Wurin kwana da abinci na makonnin da za ta yi a Gombe, babu.

Ban faɗa mata ba tukuna. Asusu yana nan, ita ma tana nan, na san yadda za mu ƙare.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Na faɗa wa Mama Christy ne don in sauke abin da ke raina. Ta ce ƙanwarta tana aure a Gombe, ba nisa da asibitin, kuma ɗakin ɗanta da ya tafi makaranta yana nan a rufe. Na ce ba ta san Dada ba, za a sake korar mu. Ta ce in tashi mu je.

A hanya ina ta shirya yadda zan lulluɓe maganar. Mama Christy ba ta lulluɓe komai ba, ta faɗa mata kai tsaye: ɗaki, abinci, ba ko kwabo. Na runtse ido.

Dada ta murza bakin zanenta. Sannan ta juyo gare ni, kamar ni ce mai gardamar.

"Wannan ya sha kunu na," ta ce, tana nuna Mama Christy. "Ɗakin 'yar'uwa ba sadaka ba ne."

Shi ke nan. Har ta fara tambaya ko ƙanwar tana cin yaji.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Na fasa sujadar safe na raka su tasha. Hamman ne zai kai ta. Ta sa zanen ranar gayya, ta riƙe ƙullin gyaɗa tsarabar masu masauki. Tana ta yi wa yaran mota faɗa a kan yadda suke ɗaure kaya.

Da aka ce a shiga, sai ta sa Hamman ya sauke wani ƙaramin buhu ya ajiye a ƙafata. Na fara cewa ta sani ba na karɓar komai daga hannun mara lafiya, ko ƙwayar goro. Ta ce wa ya ce kyauta ne.

"Iri ne. Na uwa na ne, ban taɓa saye a kasuwa ba. Gidan Hamman akwai ɓera. Idan na dawo, ki ba ni abu na. Idan ban dawo ba, kar ki soya, bingel am. Ki shuka."

Na ce za ta dawo. Ta ce ita ma ta fi son haka, don ta ga yadda nake riƙe fartanya.

Mota ta tashi. Ban yi kuka a tasha ba, sai a cikin keke, buhu a kan cinya. Mai keken ya yi ta ba ni haƙuri, ya zaci rasuwa aka yi.

Talata, 3 ga Nuwamba

Hamman ya kira. An karɓe ta, an yi mata gashin farko jiya. Wai ta ce wa mai na'urar ɗakinsa ya yi sanyi da yawa, ya nemi itace.

Sista ta kawo min sabon mara lafiya, wani magini daga Lamorde, ya zauna yana kallon ƙasa. Har na jawo takardar asusu, sai na ji bakina yana tambayarsa ko ya iya gyaran rufi. Ya ɗaga kai ya kalli inda yake yoyo, ya ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Mun daɗe muna ciniki.

Buhun yana rataye a ɗakinmu, inda ɓera ba zai kai ba. Ajiya ce, ta mai ita ce, da damina za ta zo ta karɓa. Da yamma na zaga bayan gida, wajen da muke zubar da toka. Filin ya fi yadda nake zato girma. Na tambayi Ishiyaku ko tsohuwar fartanyarmu tana nan. Tambaya kawai na yi.